Saniyar da Ta Yi Ƙiba a Cikin Kwamfuta

Jibrilla na Turba ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun farko don kar a ɗauke shi da zafi. Ciwonshi guda ne: bai taɓa jin an ambaci wani aiki ya ce bai iya ba. Wata uku ya yi a Sakkwato a shagon wani mai gyaran waya, shina shara shina miƙo kayan aiki. Ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta wadda maɓallanta biyu sunka fita, da faifan sola guda, ya kafa rumfa a bakin hanya shina cajin waya, shina tura wa mutane waƙa da wa'azi a memori. Tun ranar ya ce kar wanda ya sake kiranshi Jibrilla, sunanshi Injiniya. Duk garin matarshi Larai kaɗai ta karɓi sunan, ita ma sai in za ta yi mashi faɗa.

To, akwai wani tsohon Bafillace, Baffa Illo, aminin marigayi uban Jibrilla. Shekara da shekaru shanun Illo na sauka gonarsu bayan girbi, su ci kara su bar taki. Da zaman daji ya gagara saboda 'yan bindiga, Illo ya tattara dabbobinshi za shi ƙetare iyaka. Kafin shi tashi sai ya jawo wata jar karsana mai farin goshi, sunanta Wule, ya ɗaure ta a turken gidan Jibrilla, ya ce haɓɓanaye ce. Ga wanda bai sani ba, haɓɓanaye aron saniya ne irin na Fulani. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu sau uku 'ya'yan naka ne, sannan ka mai da uwar ga mai ita. Sharaɗin guda ne, ka kula da ita fiye da taka ta kanka. Wanda anka karɓe wa haɓɓanaye kafin lokaci kuwa, har jikokinshi sai an yi masu gori a bakin rijiya.

Ranar Jibrilla ya buga ƙirji ya ce kiwon zamani za shi yi mata, ya gani a waya yadda ake yi a ƙasashen waje. Ya yi kwana huɗu shina kiwon zamani, rana ta biyar ya koma rumfarshi. Wule ta haifi maraƙa mace guda, sai bazara ta shigo da zafinta, ga shi ba mai iya wuce fadama don yankan ciyawa. Saniya ta rame har tozonta ya kwanta, haƙarƙarinta kuwa daga ƙofar gida kana hango shi. Nonon da take bayarwa bai cika ƙaramar ƙwarya ba, kuma shi ne 'yan matan Larai biyu ke shan fura da shi.

Ana nan sai direban da ke zuwa daga Sabon Birni ya kawo saƙo. Baffa Illo za shi zo cin kasuwa mako mai zuwa. Gwiwoyinshi ba za su kai shi Turba ba, hanyar ma ba ta koro saniya ba ce a wannan zamani. Amma ya ji an ce ɗan amininshi na iya sa abu shi yi motsi a cikin waya, to, a ɗauko mashi Wule a ciki shi gan ta. In ya ga ba ta jin daɗi, za shi aiko ɗanshi Yero shi tafi da ita.

Larai ta aje tabarya ta ce wa Jibrilla shi je shi faɗa wa tsoho gaskiya, shekara ce ta zo da wuya, shi roƙi arziki. Jibrilla ya yi dariya har hularshi ta karkace.

"Gaskiya ai ta wanda bai da kwamfuta ce," in ji shi. "Ki ba ni kwana shida. Za ni kai mashi saniyar da in ya gani sai ya roƙe ni in faɗa mashi mi nike ba ta."

Kuma ya ce ba a 'yar waya za shi nuna ta ba kamar wani talaka. A babban talabijin ɗin Nasiruddeen za a nuna, mai rumfar kallon ƙwallo a kasuwar Sabon Birni, don dillalan shanu su zo su koyi abu.

Maƙwabcinsu Yari mahauci na tsaye a bayan darni shina sakace. Ya leƙo ya dubi Wule sama da ƙasa irin duban masu sana'a, ya ce ko kyauta anka kawo mashi wannan, wuƙarshi za ta ji kunya. Jibrilla ya ce mashi mahauci mi ya sani game da rayayyar saniya.

Washegari da hantsi anka fara ɗauka. Jibrilla ya ce sai an ga wadata a bayan saniya, don haka ya lallaɓa Yari ya ara mashi damin harawa uku da ya aje wa ragonshi, ya jera su a bayan turke. Ya tsaya shina goge gilashin waya da bakin riga, shina yi wa Larai bayanin inda haske ya kamata shi faɗo. Ko da ya ɗago kai, Wule ta cinye dami guda da rabi tana neman na uku. Larai ta ce tun da shekara ta kama bai taɓa yi wa saniyar nan aikin kirki irin na yau ba. Yari ya kwashe abin da ya rage shina cewa da wane ido za shi dubi ragonshi.

Sai Jibrilla ya ce abin da ya rage shi ne sheƙi. Ya ɗauko kwalbar man gyaɗan Larai na suyar ƙuli ya shafe saniya tun daga wuya har gindin wutsiya. Ta yi sheƙi kam. Kowane ƙashin haƙarƙari ya fito shina walƙiya shi kaɗai, kamar ƙarafan gadon asibiti. Ya ja da baya ya duba, ya ce ba komai, ta gaba za a ɗauka, ai a fuska ake ganin lafiya.

Larai ta riƙe igiya ta juyo da Wule ta fuskanci waya, bakinta kuwa bai huta ba. Ta yi maganar mai, ta yi maganar ciyawa, ta yi maganar wata biyu da ya yi bai leƙa turke ba. Shi kuma shina ba da umarni, matsa nan, rufe can. Daga nan ya ce in an ɗauko daga ƙasa dabba ta fi cika ido, ya tsuguna, ya ja da baya, ya ƙara ja da baya, ya turo ƙugunshi daidai hancin maraƙar nan. Ita kuwa ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta tunkuɗe shi, Injiniya ya tafi ya zauna daɓas a cikin kwatarniyar ruwan kanwa. Waya ta tashi sama ta faɗo ta jingina da turmi. Ya shige ɗaki canza wando shina tsine wa maraƙa, wayar kuwa ta ci gaba da ɗaukar abin da ke gabanta, ba wanda ya kula.

Sauran kwanakin a rumfa anka yi su, gaban jama'a, don Jibrilla ba shi iya aiki in ba mai kallo. Nasiruddeen ya riga ya aiko da 'yar takarda ta hannun direba. Ya rubuta irin fayil ɗin da manhajar talabijin ɗinshi ke karɓa, da awon tsawo da faɗi, ya ce in ba a shirya bidiyo haka ba manhajar ba ta ko kallonshi. Jibrilla ya karanta layin farko, ya ce yaron nan ne za shi koya mashi aiki, ya naɗe goro da takardar.

Juyin farko da ya yi wa bidiyon, Wule ta fito a kwance, tana tsaye a jikin bango kamar ƙadangare. Tsofaffin da ke hira a rumfar sunka karkata wuya gaba ɗaya, ɗaya daga ciki wuyan ya riƙe sai da anka murza mashi. Jibrilla ya ce haka ake kallo a Sakkwato yanzu, ya ɗauki kwamfutar ya tsai da ita a gefenta. Yari ya tambaye shi ko talabijin ɗin Nasiruddeen ma haka za shi juya, wanda anka kafe a bango da ƙusa.

Juyi na biyu, ƙafafun saniya na sama kanta na ƙasa.

"Yauwa, yanzu na gane ta," in ji Yari. "Wanga aikinmu na. Sauran fiɗa."

Juyi na uku, filashin da za shi zuba bidiyon ya cika da finafinai, ba wuri, shi kuma ba shi son goge ko guda. Sai ya matse bidiyon, ya ƙara matsewa, har saniya ta farfashe ta koma tubali tubali. Wata tsohuwa da ta zo karɓar wayarta ta leƙa ta yi salati, ta tambayi gidan wa ya rushe.

A rana ta huɗu abin ya faru. Jibrilla na neman maɓallin nan da ya fita, sai yatsanshi ya zame ya ja gefen hoton. Wule ta buɗe. Ƙirjinta ya yi faɗi, kumatunta sunka cika, wuyanta ya yi kauri. Mutane sunka matso. Jibrilla ya ƙara ja kaɗan, saniya ta ƙara ƙiba. Ya miƙe tsaye a hankali kamar wanda anka naɗa wa rawani, ya ce wa jama'a su shaida, abin da Bafillace ke yi a damina uku shi ya yi da yatsa guda.

Yari ya matso ya ƙura ido. Ya ce saniya dai ta yi ƙiba, amma wace ce wannan mai riƙe da igiya? Don Larai, wadda duk Turba an san ta siririya kamar karan dawa, ta koma kamar rumbu ya ɗaura zane. Rumbun gidan kuwa da ke bayanta ya zama kamar an kife akushi. Jibrilla ya ce ai nan gwanintar take, Baffa shi ga nono ya wadata har matar gida ta amfana.

Saura murya. Da ya kunna da sauti, faɗan Larai ya cika rumfa, mutane sunka fara murmushi. Nan da nan ya danna maɓallin rage ƙara na jikin kwamfutar, ya danna, ya danna, har ta yi shiru.

"Na cire ta," in ji shi. "Shekara tara nike neman wanga maɓalli."

Yari ya tambaya ko shina aiki a cikin gida, don shi ma shina da bukata.

Bidiyon ya yi tsawo saboda abin da waya ta ɗauka bayan faɗuwarshi. Jibrilla ya yanka shi biyu daidai wurin, ya ja gefen kashin farko, ya ce wutsiyar za shi yada ta in ya gama. Bai yada ba. Kuma bai taɓa sanin abin da ke cikinta ba, don duk lokacin da ya kunna, da zarar saniya mai ƙiba ta bayyana sai shi tashi shi fita kiran wani shi zo shi gani. Ko sau ɗaya bai kalli abin har ƙarshe ba. Ya goge fim guda da ƙyar kamar ana cire mashi haƙori, ya zuba bidiyon a filashi, ya sa zare ya rataya a wuya kamar laya.

Ranar kasuwa sunka shiga mota da sassafe, motoci na bin juna a jere yadda ake yi yanzu. Yari na ciki, ya ce za shi sayen awaki, amma kowa ya san abin da za shi kallo. Larai ma na ciki da tiren ƙuli da daddawa. Tun daga Turba har Sabon Birni duban taga take, tana tunanin turken da za shi zama ba kowa da furar 'ya'yanta da za ta koma ta ruwa. Da sunka isa ta wuce layin masu daddawa ta zauna. Shi kuwa Jibrilla ya zarce kara inda ake cinikin shanu, ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya shina gayyata. Kafin azahar rumfar Nasiruddeen ta cika har waje, kai ka ce wasan ƙarshe ake bugawa.

Baffa Illo ya iso, Yero na riƙe da hannunshi. Ya ƙara tsufa, ya ƙara bushewa, malfarshi ta fi kafaɗunshi faɗi. Anka ba shi kujera a gaba. Ya riƙe hannun Jibrilla ya daɗe bai saki ba, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya yi wa marigayi addu'a. Sannan ya ce, "To, ɗan aminina, ina naggen, ina Wule?" Jibrilla ya ciro filashi daga wuya da hannu biyu.

Nasiruddeen mutum ne marar yawan magana. Ya soka filashi, ya buɗe manhaja, manhaja ta duba ta ce ba ta ga komai ba. Ya cire ya sake sokawa, haka. Ya tambayi Jibrilla a hankali ko ya bi takardar nan. Jibrilla ya ɗaga murya ya ce talabijin ɗin ne ya tsufa, aikinshi ya fi ƙarfin kan manhajar. Jama'a sunka fara gunaguni, wani dillali ya ce shi ya bar bijimi a rana. Nasiruddeen ya ɗauki filashin ya sa a tashi kwamfutar, ya juya fayil ɗin zuwa irin da ake so. Bai fi shan shayi kofi guda ba ya gama. Duk tsawon lokacin Jibrilla na tsaye a kanshi shina nuna allo da yatsa, shina juyowa shina ce wa mutane koya mashi shike.

Manhaja ta karɓa. Hoto ya tsaya a tsakiyar talabijin, da baƙin fili a dama da hagu. Jibrilla ya ce mi ne ne wannan baƙi kamar zaman makoki, a cika fuskar duka. Nasiruddeen ya ce in an cika, hoton za shi ƙara faɗi. Jibrilla ya ce ai abin da shike so ke nan. Nasiruddeen ya tambaya ko akwai sauti, don lasifikokin na nan yadda anka bar su jiya wajen ƙwallo. Jibrilla ya ce babu, da hannunshi ya cire, shi da kanshi za shi yi bayani. Ya gyara riga ya tsaya a gefen talabijin. Anka kunna.

Abin da ya fito, ni dai ban san sunanshi ba. Ƙahonni daga wannan bango zuwa wancan. Fuska kamar faifan rufe tukunyar biki. Ƙafafu gajeru kamar turame huɗu, jiki na ƙyalli da man gyaɗa. A gefe ga wata mata mai faɗin ƙofar gareji riƙe da igiya. Wani dillali ya ce dorina ce. Wani ya ce dorina ba ta da ƙaho. Na farko ya ce ta Turba na da shi. Baffa Illo ya runtse ido ya buɗe, ya juya ya tambayi Yero wani abu da Fillanci, Yero ya rufe baki da rawani.

Jibrilla ya yi gyaran murya. "Jama'a, wanga da kuke gani shi ne kiwon zamani. Kullum da asuba ni da kaina nike..."

Sai lasifika ta buɗe da muryar Larai, da ƙarfin da ake sanar da an ci ƙwallo.

"Ɗauka da kyau, Injiniya, ka ɗauki yunwar ma a kai mashi. Wata biyu ko ciyawa hannu guda ba ka yanko mata ba. Harawar ma ta aro ce. Man suyata ka ƙarar a kan ƙashi."

Rumfa ta ɗauka da dariya. Jibrilla ya juya ya dubi lasifika. Bai gama gane cewa ƙarar kwamfutarshi kaɗai ya rage ba, muryar na nan a cikin fayil lafiya lau, sai ga tashi muryar ta fito, ta fi ta Larai ma tsabta.

"Ke matsa ki rufe haƙarƙarin nan. Tsohon ba shi gani sosai, ba za shi gane ba."

Dariyar ta ragu a gaba inda Illo ke zaune, ta ƙaru a baya. Jibrilla ya fizge rimot daga hannun Nasiruddeen ya danna, ƙara ta ninku, har awakin da ke ɗaure a waje sunka firgita. Ya sake dannawa, bidiyo ya koma baya kaɗan, muryarshi ta sake cewa tsohon ba shi gani sosai. Ya yar da rimot ya ruga gaban talabijin ya buɗe hannayen rigarshi don shi rufe, amma saniyar da ya ƙera ta fi shi faɗi, ƙaho na leƙowa ta dama, Larai na leƙowa ta hagu. Ana cikin haka hoto ya girgiza, anka ga sama, anka ji faɗuwa cikin ruwa, anka ji Injiniya na kiran sunan uwarshi shina tsine wa maraƙar da ta tunkuɗe shi. Yari ya zame daga benci shina riƙe da ciki. 'Yan baya sunka ce a maimaita wurin.

Can a layin daddawa kuwa, Larai na auna wa wata mata sai ta ji kanta tana faɗa daga wajen rumfar kallo. Matan da ke kusa sunka tambaye ta yaushe ta shiga rediyo. Ta ɗauki tirenta ta taho, ta tsaya a bakin rumfa a bayan maza, ta san abin da ke biyo bayan wannan dariya.

Nasiruddeen ya tsinci rimot ɗinshi, ya rage ƙara, ya mai da hoto awonshi na gaskiya. Ya ɗauka an gama. Ashe wutsiyar nan da Jibrilla bai yada ba ce ta shigo.

Hoton a ɗan karkace shike, daga gindin turmi. Ga Wule yadda Allah ya yi ta a wannan bazara, ramammiya, haƙarƙari a waje. Ga Larai siririya ta tsuguna a gabanta, ba ta san ana ɗauka ba. Ta kwance bakin zanenta ta zazzage 'yar dusar da ta tara daga surfe, saniya na ci a tafin hannunta. Ta kama kunnen ta juya, ta duba ciki, ta cire kaska guda ta murƙushe da dutse, ta duba ɗayan. Ta ɗebo ƙasa tana goge man nan daga jikin dabba don kar rana ta ƙona ta. Muryarta ƙasa ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Yi haƙuri, 'yar Baffa. Damina ta kusa. Ci, gobe za ni roƙo miki ɓawon wake."

Wule ta lashi gefen fuskarta. Sai anka ga ƙafafun Jibrilla cikin sabon wando sun taho, hoto ya ɗauke.

Ba wanda ya yi dariya. Baffa Illo ya ce a sake nuna mashi wurin nan na ƙarshe. Anka sake. Ya matso da kujera har malfarshi na taɓa gilashi, ya kalla, ya goge ido da bakin rawani, ya ce ita ce, haka uwarta ke karkata kai in tana ci.

Sannan ya juyo ga Jibrilla, wanda ke neman ƙasa ta tsage. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shanunshi na can hayi sun fi wannan rama, huɗu sun kwanta bana ba su tashi ba. Ya ce tun daga gida ya taho wa Wule da buhun dusa biyu, suna cikin mota, don ya san shekarar da ake ciki, ba sai an nuna mashi a talabijin ba.

"Rama ba laifi ba ce bana, ɗan aminina. Idona kuma ya yi rauni, ba ka yi ƙarya ba nan. Amma kunnena lafiya shike." Ya dubi jama'a. "Na karɓe haɓɓanaye daga hannunka. Jama'a ku shaida."

Jibrilla ya zauna a kan benci ba tare da ya duba ko akwai wuri ba. A bakin rumfa Larai ta sa hannu ta dafe tiren da ke kanta.

Tsoho ya ce wa Yero shi ba shi igiyar da ke kafaɗarshi. Ya tambaya ko mai muryar nan ta zo kasuwa. Maza sunka dare, ga Larai tsaye da tire, ido jawur. Ya ce, "Taho, ɗiyata." Ta aje tire ta durƙusa. Ya sa mata igiya a hannu, ya ce daga yau Wule haɓɓanayenta ce, ita Larai, ba gidan ba. Haihuwa biyu da sunka rage nata ne, dusar da ke mota ma tata ce. Wani dillali ya tambaya to maraƙar da anka riga anka haifa fa. Illo ya ce wannan a bar wa Jibrilla, ai kowa ya ji ta riga ta san mai ita.

A hanyar komawa, buhu biyu na bisa mota, Jibrilla ya yi shiru har sunka wuce gari biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Daga nan ya gyara zama ya ce wa na kusa da shi, in an lura da kyau, dama dabararshi ke nan. Ai saniya na gida ko ba ta gida? Wa ya bar wutsiyar bidiyon? Yari ya ce gaskiya ne, kuma Nasiruddeen ya ce a faɗa mashi mutane sun roƙa a riƙa nuna dorinar Turba duk ranar kasuwa kafin a fara ƙwallo.

Ruwa ya sauka bayan sati uku, fadama ta yi kore, tozon Wule ya miƙe da kanshi ba wanda ya ja gefenshi. Wata safiya Larai ta tatso ƙwarya cike har tana kumfa. Ta zuba wa 'yan matanta, ta zuba wa kanta, ta aika wa matar Yari saboda harawar nan. Jibrilla na zaune a tabarma da kwanon furarshi, shina jira. Ta ɗebo a ɗan ludayi ta miƙa mashi. Ya duba cikin ludayin, ya dube ta, ya ce wanga ai ko jiƙa fura ba za shi yi ba.

"Kai shi rumfa, Injiniya," in ji Larai. "Ka ja gefenshi."